Sifirin da Gargada: Tarihin Jijjigar Mota a Hanyar Birnin Kudu

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil, ta bi ta Birnin Kudu ta nufi Gwaram, ya san motar nan da ake kira J5. Mai faɗin ciki ce, galibi fentinta ya koɗe, ana danƙara mata buhunan shinkafa da riɗi ko kwandunan tumatir har ƙofar baya ta ƙi rufuwa, a ɗaure ta da igiya, sannan masu kayan su nemi wurin raɓawa a saman buhunan. Kamfanin Peugeot ne ya fito da ita a 1981, tare da 'yan uwanta biyu, Fiat Ducato da Citroën C25, dukkansu daga masana'anta guda a ƙasar Italiya. Abin da ba kowa ya sani ba a tasha shi ne, a Turai wannan mota tana cikin waɗanda aka fi ɗora wa ɗaki a shekarun 1980. A yanke bayanta a gina akwati mai gado da murhun gas da tankin ruwa da ɗan kewaye, iyali su shiga su tafi hutu, inda dare ya yi musu nan ne gida. Motar tafi-da-gidanka ke nan.

Bature mai irin wannan tsohuwar mota da ɗan kasuwar da ke loda J5 a kasuwar Sara kukansu iri ɗaya ne, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba. Wancan yana cewa bayan motar ya zauna, kwanuka na ƙara a cikin kabad, matarsa ta ƙi zama a kujerar baya. Wannan yana cewa sifirin ya kwanta, taya na gogar bodi, duk ramin da aka faɗa sai an ji shi a ƙashin baya. Ƙarfe guda ne ke damunsu, kuma ƙarfen ya girmi mota kanta.

Fallen ƙarfe da aka gada daga keken doki

Amalanken shanu da ke ɗauko taki zuwa gona a ƙauyukan da ke kewaye da Wurno, in ba wanda aka haɗa da ƙarafan tsohuwar mota ba, babu komai tsakanin gatarin tayarsa da katakon da ake zama. Abin da taya ta taka shi jiki zai karɓa. Ana jure wannan saboda sa ba ya gudu. Da zarar tafiya ta yi sauri, bugun da ƙasa ke yi wa taya yana ƙaruwa fiye da kima, sai a nemi abin da zai shanye shi kafin ya iso ga mutum. Masu ƙera keken doki a Turai sun daɗe suna rataya akwatin fasinja da igiyoyin fata, har zuwa 1804, lokacin da wani maƙerin kekuna a Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar dabarar ɗora keken kai tsaye a kan fallayen ƙarfe masu lanƙwasa kamar baka. Ana jera su ne babba a sama, ƙanana na bi a ƙasa, a soke su da ƙusa ɗaya a tsakiya. Shi ne sifirin da kowane bakanike ya sani. Da mota ta zo ta same shi a shirye. Ford Model T ta 1908, wadda ta fara kai mota hannun talakan Amurka, sifirin biyu kacal gare ta, ɗaya a gicciye a gaba, ɗaya a gicciye a baya.

Ƙa'idar da ke mulkin jin daɗin zama a mota gajera ce, kuma da ita za a fahimci sauran labarin. Mota a kan sifirin kamar lilo take, tana da saurin da take son yin sama da ƙasa da shi, kuma wannan sauri ya dogara ne ga yawan lotsawar da sifirin ya yi a ƙarƙashin nauyin da ke kansa. Idan nauyi ya lotsa shi santimita 25, motar za ta yi lilo kusan sau 1 a daƙiƙa, wanda jikin mutum ke karɓa cikin natsuwa. Idan lotsawar santimita 2 da rabi ce kawai, lilon zai haura sau 3 a daƙiƙa, abin ya zama sukuwa. Masu binciken illar girgiza ga jiki sun tabbatar cewa mutumin da ke zaune ya fi shan wahala idan girgizar ta kai sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, domin a nan ne kayan ciki da ƙashin baya ke amsa ta. In kuma lilon ya yi sanyi ƙwarai, ƙasa da rabin sau a daƙiƙa, sai tashin zuciya irin na jirgin ruwa ya taso. Tsakanin amai da ciwon baya akwai ɗan siririn fili, kuma injiniyoyin mota sun shafe fiye da shekara 100 suna neman tsayawa a cikinsa.

Matsalar babbar mota daga nan take. An ƙera sifirinta ne don ranar da aka cika ta. A ɗauka cikakken lodi ya lotsa shi santimita 8: tafiya za ta yi dama-dama. A sauke kayan, nauyin da ya rage a baya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, lotsawa ta koma santimita 2, motar ta zama doki marar linzami. Shi ya sa yaran mota ke cewa mota ba ta jin daɗin tafiya sai da kaya, kuma gaskiya suka faɗa, lissafi na bayansu.

Hanyar gyaɗa, hanyar alhazai

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarun da suka biyo baya. Sai dai dogo layi ɗaya ne, gyaɗa kuwa tana warwatse a gonakin gabas da kudancin masarautar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Birnin Kudu da Gwaram. Jakuna da raƙuma da takarkarai ne suka fara ɗaukar wannan nauyi, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe shi. Reshen dogo ya kai Nguru a 1930, amma bai kai Maiduguri ba sai 1964, don haka tsawon shekaru hanyar mota ce ta haɗa Kano da Barno, kuma tsohuwar hanyar ta Birnin Kudu take bi ta faɗa Kari, ta wuce Potiskum da Damaturu. Yawancin hanyoyin wancan zamani na burji ne, wasu ma sai da rani ake binsu.

Motocin da suka yi wannan aiki kai da ƙashin baya kawai ake shigo da su, kafintoci su gina musu bodin katako. Bedford ta Ingila ta yi suna har aka fara haɗa ta a Apapa a 1959. Bayanta Marsandi mai gajeren hanci ta zo, wadda aka fi sani da 911, direbobi kuma ke ce wa Roka. Lambar tana nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki 110, ko da yake babu direban da ya taɓa ɗaukar tan 9 ɗin a matsayin iyaka. Dukkansu gatari ne miƙaƙƙe gaba da baya a kan sifirin mai fallaye da yawa, a baya kuma akan ƙara wani ɗan gajeren sifirin a sama, wanda ba ya taɓa komai sai lodi ya yi nauyi. Fasinja kari ne a kan kaya. Mai hali ya biya kuɗin gidan gaba kusa da direba, sauran jama'a su zauna a kan katako ko buhu. Wanda rabonsa ya faɗa can ƙarshen bodi, bayan gatarin baya, shi ne ya fi kowa shan wuya, domin wurin kamar bakin sanda yake: ɗan motsin da taya ta yi sai ya ninku kafin ya iso gare shi.

A kan irin waɗannan motoci ne Hausawa suka san ainihin tafi-da-gidanka, tun kafin Turawa masu yawon buɗe ido su fara zuwa da nasu. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda har yau wata unguwa a Fagge ke amsa sunanta. Tafiyar da a da ake yin ta a ƙasa cikin shekaru, ana yada zango ana noma ana ci gaba, ta ragu ƙwarai. Daga Kano a nufi Maiduguri, a haye zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a bi ta Abeche da Adre a shiga Sudan ta Janaina da Fashir, har a kai Ubayyid inda jirgin ƙasa yake, daga nan sai bakin Bahar Maliya. Motar ita ce ɗaki, ita ce rumbu. A cikinta akwai tabarmi da tukwane da buhunan gero da salkunan ruwa, da tsofaffi waɗanda suka tara kuɗin tafiyar tsawon rayuwarsu. Da dare a kwana a gindinta, da rana a fake a inuwarta. Direban da ya san aikinsa ba ya barin Maiduguri sai da fallayen sifirin na ajiya ɗaure a jikin mota, domin idan babban falle ya karye gatari ne zai goce, kuma tsakanin Abeche da Fashir babu shagon da za a saya. Abin da ake yi a daji shi ne a ɗaga motar, a cusa guntun itace tsakanin gatari da ƙashin mota, a ɗaure tamau, a lallaba zuwa garin da ke da maƙeri.

A nan ne darajar sifirin take, kuma ita ta hana shi mutuwa. Aiki uku yake yi a lokaci guda. Yana ɗaukar nauyi, yana riƙe gatari a mazauninsa ba tare da wasu sanduna ba, sannan gogayyar da fallayen ke yi wa juna tana kashe lilo da kanta. Wannan gogayya ita ce kuma aibinsa, domin ƙananan duwatsu ba su isa su sa fallayen su zame ba, sai motar ta bi ta kansu kamar babu sifirin sam, musamman idan tsatsa da ƙura sun shiga tsakani. Amma abin da ya lalace a jikinsa maƙerin kauye na iya gani da ido, ya taɓa da hannu, ya buga da guduma.

Gargada

Hanyar burji tana da wata cuta da kwalta ba ta da ita. Bayan 'yan makonni da gyara sai a ga ƙasa ta yi kunya-kunya a gicciye, kamar an yi huɗa da ƙaramar garma, jere har iyakar gani. An daɗe ana ɗora laifin a kan iska ko ruwan sama ko girgizar inji. A 1963 wani masanin kimiyya mai suna Keith Mather ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a Ostireliya, inda ya riƙa juya taya a kan da'irar yashi. Ya nuna cewa taya ce da kanta ke haifar da gargada: da zarar ta wuce saurin tafiyar ƙafa kaɗan, ɗan tudun da ta tarar zai ɗaga ta, inda ta sauka ta tura ƙasa gaba ta yi sabon tudu, mota ta gaba ta ƙara zurfafa shi. Muddin ƙasa a sake take kuma motoci na gudu, gargada za ta dawo.

Ɗan lissafi zai bayyana abin da kowane tsohon direba ya sani da jikinsa. A ɗauka tsakanin tudu da tudu santimita 70 ne. Mota mai tafiyar kilomita 15 a awa za ta sha bugu kusan sau 6 a daƙiƙa, daidai inda cikin mutum ya fi tsana. A kilomita 30 bugun ya kai sau 12, kusa da saurin da taya da gatari ke tsalle da kansu, sai motar ta zama kamar za ta wargaje, kusoshi na kwancewa. A kilomita 70 bugun ya kusa sau 28, taya ba ta samun sukunin faɗawa cikin kwarin, sai ta riƙa taka kawunan tudun kawai, mota ta yi shiru kamar a kwalta. Saboda haka direbobi suka koyi taka mai a kan gargada. Farashin wannan sauƙi shi ne tayar da ke tafe a kawunan tudu rabin lokacinta a iska take, birki da sitiyari ba su da cikakken iko da ita. Kwana ɗaya mai kaifi, ko garken shanu da ya ɓullo daga daji, ya isa.

Kombi da Fijo

Tun a shekarun 1930 wani kamfanin Faransawa na Aljeriya ke jigilar fasinja daga Aljas zuwa Kano ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram. Daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen 1980 wannan hanya ta zama ta matasan Turai masu ratsa Afirka, wasu a bayan tsofaffin Bedford na soja da aka sa wa kujeru da tantuna, wasu a cikin Land Rover, da yawa kuma a Volkswagen Kombi da aka mayar ɗaki. Kano ce mahutarsu bayan hamada. Masu nufin gandun dajin Yankari, wanda aka buɗe wa baƙi a 1962, ta Birnin Kudu da Ningi suke bi zuwa Bauchi, wasunsu su tsaya kallon zanen da mutanen dā suka bari a duwatsun Birnin Kudu. Rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a farkon shekarun 1990 ne suka rufe hanyar.

Kombi, wadda ta fito a 1950, ta zo da wata dabara daban. Maimakon falle mai lanƙwasa, sanda ce ta ƙarfe a kwance a gicciye, an kafe kanta ɗaya, ɗaya kan kuma an haɗa shi da hannun da ke riƙe taya. Taya ta hau tudu, sandar ta murɗe kamar wanki da ake matsewa, sannan ta warware. Kowace taya cin gashin kanta take yi, abin da ta hagu ta taka bai shafi ta dama ba. Sandar ba ta cin wuri, tana ɓoye cikin bututu inda ƙura ba ta kai mata, idan kuma ta gaji mota ta zauna, ana iya zare ta a juya haƙoranta a mayar, motar ta sake miƙewa. Har zuwa 1967 Kombi tana da ƙananan giyoyi a jikin tayoyin baya waɗanda suka ɗaga cikinta daga ƙasa, inji kuma yana baya yana danna tayoyin da ke ja, abin da ya sa take fita yashin da ya kamata ya riƙe ta. Aibinta ga direba ne: a kan tayar gaba yake zaune, shi ne farkon wanda rami ke gaisarwa.

Motar da ta sauya tunanin mutanen Arewa game da abin da ake kira jin daɗin tafiya kuwa Fijo ce. Peugeot 404 ta 1960 da 504 ta 1968 sun zo da sifirin naɗaɗɗe, mai kama da igiyar da aka naɗe a tsaye, kuma aka ba tayoyinsu dogon filin hawa da sauka. Sifirin mai taushi da fili mai tsawo, wannan ne sirrin, domin taushi ba tare da fili ba yana nufin ƙarfe zai riƙa dukan ƙarfe a kowane rami. Kujerunsu ma an yi su da laushin da ya dace da lilon motar. 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau 4, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara fitar da motoci. Doguwar 504 mai kujeru layi uku, wadda ta riƙe tashoshin Kano da Bauchi da Maiduguri shekaru da dama, gatarinta na baya miƙaƙƙe ne, amma a kan naɗaɗɗun sifirin guda 4, biyu a kowane gefe, don ta ɗauki nauyi ba tare da ta rasa taushi ba. Ita kuwa akori-kurar Fijo, da yake don kaya aka yi ta, fallayen gargajiya aka bar mata a baya. Kamfani ɗaya, hanci iri ɗaya, amma wanda ya hau biyun daga Birnin Kudu zuwa Kano ya san ba tafiya ɗaya ya yi ba. Jiki magayi.

Sai dai naɗaɗɗen sifirin ya zo da sharaɗi. Ba shi da fallayen da za su goga juna, saboda haka ba ya kashe lilonsa. In an danna shi aka saki sai ya yi ta rawa. Dole sai da shokozoba, wato bututun nan mai mai a ciki, wanda ke tilasta wa man bi ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin lilo ya koma zafi. A kan gargada shokozoba na iya yin zafin da hannu ba zai taɓa ba, man ya tsinke ya yi kumfa, roba ta saki, aikinsa ya ƙare. Roka mai mataccen shokozoba za ta ci gaba da tafiya kusan yadda ta saba. Ƙaramar mota mai naɗaɗɗen sifirin da mataccen shokozoba kuwa tayoyinta tsalle suke yi, tana cin taya, tana ƙin tsayawa in an taka birki. Jin daɗin ya ƙaru, amma ya koma cikin wani rufaffen bututu da maƙeri ba ya iya buɗewa ya gyara da guduma, sai dai a saya.

Iska, da dalilin da ya sa ba ta iso ƙauye ba

Amsar da injiniyoyi suka samo wa matsalar mota mai kaya da marar kaya ita ce iska. Jakar roba mai kauri a madadin ƙarfe, da famfo da ke ƙara mata iska idan nauyi ya ƙaru, ya rage idan an sauke. Da haka tsayin mota ba ya sauyawa, saurin lilonta ma kusan ɗaya ne, ko cike ko wayam. Manyan motocin safa na Amurka sun fara amfani da ita a 1953. Citroën DS ta 1955 ta bi wata hanya makusanciya, ta haɗa iskar gas da mai a cikin ƙwallayen ƙarfe. A fagen tafi-da-gidanka, motar da kamfanin GMC ya ƙera daga 1973 zuwa 1978 ita ake misali da ita har yau: tayoyin gaba ke ja, a baya tayoyi biyu-biyu ne a jere a kan jakunkunan iska, babu gatarin da ya ratsa ƙarƙashin ɗaki, don haka daɓen ya sauko ƙasa, motar ta rage tangaɗi. Sauran takwarorinta na zamanin akwatuna ne da aka ɗora a kan ƙashin motar kaya, masu tsawo, masu dogon baya, kuma kullum cike, domin gado da kabad da tankin ruwa ba a sauke su. Sifirin da bai taɓa hutawa ba shekara 20 dole ya kwanta. Masu tsofaffin J5 da Ducato a Turai kan magance wannan da ƙara 'yan jakunkunan iska a saman fallayen.

A Nijeriya iska ta shigo ta manyan motocin safa na dogon zango da wasu tireloli, amma ta tsaya a kan kwalta. Jaka na hujewa, bututu na yoyo, famfo na mutuwa, kuma ranar da ɗaya ya faru mota zama take yi daɓas a inda take. Ba abin mamaki ba ne a ga motar da ta zo da iska an cire mata an mayar da ƙarfe. Wanda ya kira wannan ci baya bai yi la'akari da nisan da ke tsakanin Gwaram da kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ba.

Bayan 1986

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa da ma'aikaci, masana'antun haɗa motoci na Kaduna da Bauchi da Kano da Inugu da Legas suka shiga ja da baya. Gurbinsu sai motocin Kwatano suka cike, waɗanda suka gama rayuwa ɗaya a kan titunan Turai kafin su fara ta biyu a nan. Ta wannan ƙofa J5 ta yawaita, haka Golf da Sharan da ke cika tashoshin Jigawa a yau. Toyota HiAce, mai murɗaɗɗiyar sanda a gaba da fallaye a baya, ta riƙe jigilar fasinja tsakanin birane.

An ƙera J5 ne don ɗaukar tan 1 zuwa ƙasa da tan 2, gwargwadon samfurinta. Buhu 30 masu kilo 100 tan 3 ne, ba a lissafa mutane ba. Abin da bakanike ke yi sananne ne: ya kwance sifirin, ya kai a sake buga masa lanƙwasa, ya ƙara falle biyu ko uku daga wata motar da ta mutu. Motar ta miƙe, ta ɗauki abin da ake so. Amma an ƙara wa sifirin ƙarfi ne kawai. Birki da taya da ƙashin mota suna nan yadda Italiya ta yi su, kuma ranar da ta dawo wayam sai ta fi dā sukuwa. Golf kuwa, da naɗaɗɗen sifirinta na motar iyali, ana cusa mata mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe da kaya, har filin da aka bar wa taya ya ƙare. Daga nan babu sifirin kuma, guntuwar robar da aka sa don tsautsayi ita ke ɗauke da motar.

Ga mai lafiya wannan gajiya ce da barcin dare ɗaya zai warkar. Lissafin yana sauyawa idan fasinjar mace ce da naƙuda ta yi wa tsanani, ko wanda ya faɗo daga babur ya karye, ana neman kai su Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu daga ƙauyen da sai an yi tafiya a burji kafin a hau kwalta. Shi ya sa shirin da direbobin ƙungiyar NURTW suka shiga na ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, a Jigawa da wasu jihohin Arewa, ya dogara ƙwarai ga irin motar da aka samu da kuma yadda aka yi da ita. Kuskuren da aka fi yi da kyakkyawar niyya shi ne a share bayan akori-kura fes, a shimfiɗa katifa, a kwantar da marar lafiya can baya don ya sami sarari. Wannan shi ne wuri mafi muni a mota mafi tauri a yanayinta mafi sukuwa. Wurin da ya fi natsuwa a kowace mota yana tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan akori-kurar ce kaɗai ake da ita, a matso da katifar jikin gidan direba, a ɗora buhu uku ko huɗu a kan gatarin baya don sifirin ya sami abin lotsawa, a ɗan rage iskar tayoyin da aka cika don lodi, a sake cika su idan an koma ɗaukar kaya.

Shi kuwa fallen da ya karye ba a yar da shi. Ƙarfen sifirin yana da sinadarin gawayi fiye da ƙarfen gini, yana karɓar horon wuta da ruwa, yana riƙe kaifi, saboda haka maƙera ke bin garejin bakanike suna saye da kilo. Da yawa daga cikin gatura da adduna da wuƙaƙen fawa da ake shimfiɗawa a kasuwannin Birnin Kudu da Sara daga ƙarƙashin wata mota suka fito, kuma wani lokaci akan ga ramin ƙusar tsakiya a jikin ruwan adda, inda maƙerin bai toshe shi ba.